Saura Rai Ɗaya

Alhamis, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Yau ma babu aiki, tarzomar da ta ɓarke a Douala ba ta lafa ba. Ofishinmu na bakin tashar jiragen ruwa a rufe yake, titi babu taksi babu bensikin, wato baburan haya, sai warin tayar da aka ƙona. Na share tsakar gida na sake sharewa, alhali babu abin da ya zuba. Ƙanena Jalal bai kwana a gida ba.

Na sa faifan barkwancin nan na mutumin da ya ari babbar riga zai je gaida surukai, akuya ta cinye masa hannun rigar. A da har hawaye nake yi in an zo wurin akuyar. Yau sai na lura ɗan wasan yana satar kallon mai ɗaukar hoto kafin ya faɗi, yana jiran a ce masa to faɗi. Mutumin da ya san zai faɗi, faɗuwarsa ba ta da daɗin kallo. Na cire faifan tun bai kai rabi ba.

Iya, mahaifiyarmu, tana shago. Tun jiya take can.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina ya daina juya abin.

Shagon da ke gaban gidanmu na ƙanena ne, Jalaluddeen. Talabijin ya jera da injinan wasa, samarin unguwarmu ta New Bell su zo su zauna kan benci suna danne-danne suna ihu. Jiya da safe shagon a rufe yake kamar kowane shago, shi kaɗai ne a ciki yana buga wani wasa nasa. Iya ta kai masa koko. Sai abokinsa Haliru, ɗan bensikin, ya ƙwala masa kira daga bakin titi. Jalal ya danna abin da ke tsayar da wasan, ya miƙe yana neman takalminsa, ya ce, “Iya, kar a kashe ni fa. Raina ɗaya ya rage.”

Iya ta ce, “Wace irin magana ce wannan da sassafe?”

Ya yi dariya ya fita. Kokon ma bai sha ba.

Na yi wa Iya bayani har bakina ya bushe. Injin yake nufi. Katin da ke ajiye wasa ya lalace tun kafin Babbar Salla, in aka kashe injin sai ya manta komai, mutum ya koma farko. Kuma haka 'yan wasan nan suke magana, ba sa cewa ɗan mutumin cikin talabijin ya mutu, sai su ce na mutu, an kashe ni. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ikilima, da kunnena na ji. Amana ya bar min.”

Ta shimfiɗa tabarmar sallarta a gaban talabijin ɗin.

Juma'a, da safe

Na tsaya na kalli abin da kyau. Wani ɗan mutum ne da jan ƙyalle a wuya, ruwa na gudu a ƙasa, a kusurwar sama ga zuciya ja guda ɗaya. A bakin wata gadar katako yake tsaye. Duk faɗin wasan, yaron nan bai sami inda zai tsaya ba sai nan.

Iya ta nuna min da carbi. “Kin gani ko? Ruwan ya ba wa baya. Gida yake kallo.”

Na ce na gani.

Asabar, 1 ga Maris, da azahar

Kawu Bukar, yayan Iya, ya zaga duk inda ake tsare mutane. Ko'ina sai a ce masa ya duba gaba. Ya dawo ƙafarsa a kumbure, ya sha ruwa, bai ce komai ba sai “a ci gaba da addu'a”.

An ce Haliru ya dawo tun jiya. Ya dawo, amma bai tako gidanmu ba, mutumin da yake cin tuwo a kwanon Jalal. Na sa mayafi na bi ta lungu har Nkololoun. Na same shi zaune a bakin katifa, babur ɗinsa a jingine cikin ɗaki.

“Haliru, ina ɗan'uwanka?”

“Yaya Iki, mun rabu ne a wajen Deïdo. Mutane sun yi yawa.”

“Kun rabu ya yi ina?”

“Je ne sais pas, Yaya. Wallahi je ne sais pas.”

Hausar ma ta gagare shi, “ban sani ba” ɗin sai da Faransanci. Tun da na shiga har na fito, ƙafafuna yake yi wa magana. Labarin zuciya a tambayi fuska, to shi fuskar ma ya hana ni.

Lahadi, da yamma

Injin ya yi zafi kamar dutsen guga. Na ɗauko fankar ɗakina na kafa masa. Ni in kwana cikin gumi, roba ta sha iska.

Litinin, 3 ga Maris, bayan an tashi aiki

An koma aiki. Garin nan ba shi da kunya. Masu soya makala, fanken garin nan, sun fito, bensikin sun cika titi suna zagin juna, kamar makon jiya mafarki muka yi. A ofis wani abokin aikinmu har ya haɗa barkwanci a kan abin, yana kwaikwayon yadda wani ƙato ya gudu ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Kowa ya yi dariya. Ya iya kwaikwayo, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, yana sanin inda zai ɗan yi shiru kafin ya saki maganar, abin da rabin 'yan fim ɗin nan ba su iya ba. Na shiga banɗaki na daɗe.

Na aro onduler daga ofis, akwatin batirin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke kuran, wato lantarki. Na ce wa shugabana na aikin gida ne. Na ɗoro shi a cinya a kan bensikin, nauyi kamar buhun gishiri. Da ikon Allah na canza wa injin waya ba tare da ya mutu ba, wani mai gyaran rediyo ya nuna min dabarar, Iya na karanta Ayatul Kursiyyu a kaina.

Ni da na yi karatu har na ci bak, jarrabawar gama sakandare. Ni da na ce camfi ne.

Talata, da safe

Zuciyar tana nan.

Laraba, bayan la'asar

Delu mai makala ta tattaro matan layinmu suka zo, wai a sa wa Iya fim ta ɗan sake. Iya ta gaisa da su ta koma shago. Su kuwa tun da sun riga sun zauna, sai aka sa.

Irin na Kano ne, wanda ɗan sanda mai tumbi yake bin ɓarawon kaza da kulki. Ya bi shi kasuwa, ya bi shi makaranta, ya bi shi har gidan biki. Wannan ne ciwon finafinan nan, in suka sami abin dariya guda ɗaya sai su yi ta tatsarsa har ya koma jini, sannan su rubuta a nemi kashi na biyu. Na 'yan garin nan da ake yi da Faransanci da Pijin sun fi su saurin baki, amma su kuma in ba a yi ihu ba gani suke ba a yi wasa ba. A ƙarshe dai duka biyun wuri ɗaya suke zuwa, a kama mutum a yi ta jibga, mu kuma mu riƙe ciki. Shekara nawa na yi ina dariyar kulki, sai yau na ji yadda ƙararsa take.

Delu ta fi kowa dariya, har tana dukan cinyata. Ɗanta Ɗanlami yana cikin waɗanda aka kwashe, an riga an yanke masa hukunci, yana gidan yarin nan mai dogon bango da ke cikin unguwarmu. Kullum tana kai masa abinci. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, “Ashiya, Ikilima, sannu. Allah zai bayyana shi.”

Allah ya yafe min, hassada na ji. Matar da ɗanta ke ɗaure nake yi wa hassada, don ita ta san inda nata yake.

Alhamis, da azahar

Iya ta fara bin Delu zuwa ƙofar gidan mai dogon bango. Ta dafa shinkafa da wake ta zuba a kula, ta je ta tsaya cikin mata, duk wanda ya fito ta tambaye shi ko ya ga wani dogo mai wushirya a ciki. Sai la'asar take dawowa da kular yadda ta tafi da ita. Kafin ta fita sai ta leƙa shago ta ce min, ko ta ce wa bango in ba na nan, “A kula min da shi.”

Na tuna musun da muka saba yi da Jalal. Ni in ce ƙato da gemu ya zauna yana danna roba kamar mai tsinkar zogale, ba labari ba hikima, ko magana mai daɗi guda babu a ciki. Fim ɗin barkwanci ko ya lalace, wani ya zauna ya yi tunanin yadda zai faranta maka rai. Shi kuma ya ce, “Ke Yaya, aikinki ki kishingiɗa ki yi dariyar faɗuwar wani. Ni in an faɗi, ni ne na faɗi.” Na ce to Allah ya ƙara maka faɗuwa. Haka na ce masa, kuma ba sau ɗaya ba.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan an sauko masallaci

Kawu Bukar ya shiga shago ya tarar da Iya a gaban talabijin, fanka na kaɗa inji.

“Iyatu, ki ji tsoron Allah. Rai a hannun Ubangiji yake, ba a hannun masu ba da kuran ba.”

“Na sani, Yaya.”

“To mene ne wannan? Mutane sun fara magana.”

“Cewa ya yi kar a kashe shi. In ya dawo ya tarar na kashe, me zan ce masa?”

Kawu ya juyo wurina ya rage murya. Ya ce akwai wani masunci ɗan Youpwé da suke salla tare, wai a 'yan kwanakin nan masu jefa koma suna… Na tashi na shiga kicin. Na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Asabar, da yamma

An yi ruwa. Ruwan farko, da iska, har kwanon gidan su Delu ya tashi. Tun kafin azahar aka ɗauke kuran.

Iya tana can ƙofar dogon bango, ruwa ya tsare su. Ni kaɗai ce a gida. Onduler ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Na kashe talabijin don ya rage jan wuta, na cire fanka, na ɗauki faifai ina yi wa injin fifita kamar mai jinya. Na fita cikin ruwa har gwiwa neman mai janareta, wanda yake da shi ba shi da mai, wanda yake da mai ya rufe ƙofa. Da na dawo kukan ya ƙara sauri. Ina tsaye ruwa na ɗiga daga zanena sai ya yi shiru, ɗan koren hasken injin ya ɗauke.

Ban yi kuka ba. Roba ce. Na faɗa wa kaina roba ce.

Kuran ya dawo kafin Iya. Na kunna, sai ga sunan wasan da kiɗansa na farko, babu gada, babu kowa. Na rufe talabijin ɗin da zane. Da ta shigo na ce mata gilashin ya fara ƙonewa saboda daɗewa a kunne, dole ya huta, amma ga koren haske nan, shi ne shaidar injin yana raye. Ta kalli hasken. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallona. Ta ce, “To.”

Lahadi, da safe

Na yi wa uwata ƙarya, kuma gobe zan ƙara wata a ofis.

Litinin, 10 ga Maris, da la'asar

Na aika ofis cewa zazzaɓi ya kwantar da ni. Na koma Nkololoun na ce wa Haliru in yana da sauran kunya ya zo ya mayar da ɗan mutumin nan bakin gadarsa kafin Iya ta ɗaga zanen. Ya zo ta ƙofar baya bayan ta fita. Na miƙa masa manet, abin dannawar, sai ya mayar da hannuwansa baya kamar na miƙo masa garwashi.

“Pardon, Yaya. Ban taɓa manet ba tun ranar.” Ya ja da baya. “Ke ki riƙe, ni zan gaya miki.”

Ni Ikilima. Na zauna kan bencin da na sha cewa warin ƙafa yake yi.

Ramin farko na faɗa. Na sake faɗawa. Wani abu mai kama da kaguwa ya cije ni, na ruga da gudu na faɗa ramin da na riga na tsallake. In rayukan suka ƙare sai a mayar da kai farko, babu ashiya babu sannu. Haliru yana ta “tsalle, Yaya, tsalle, saute!” ni kuma ina danna na tsugunawa. Har wani sauti ya fito masa ta hanci, saura kaɗan ya zama dariya, sai ya haɗiye.

Kafin la'asar muka tsayar, muka mayar da zane, ya fice.

Talata, da yamma

Babban yatsana ya yi bororo.

Laraba, da yamma

Yau da kaguwar ta kama ni sai na ji bakina ya ce, “Wayyo, na mutu!” Daga ni har Haliru babu wanda ya kalli wani.

Juma'a, 14 ga Maris, da la'asar

Har yanzu ina nan kan bakana, wasan nan ba shi da labari. Ban san sunan ɗan mutumin ba, ban san abin da ya fito nema ba, ban san wa ya haƙa masa ramukan nan ba. Kiɗan kuma kamar na mai tallan askirim. Amma abu ɗaya zan ba shi, ba ya yi maka ƙarya. A fim mutum zai faɗo daga saman bene, a sa ɗan kiɗa, sai ga shi a fage na gaba yana cin tsire ko ƙwarzane babu. Nan in ka faɗi ka faɗi, kuma kowa ya ga laifin yatsanka ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, daga hantsi har azahar ban tuna komai ba. Ban tuna Deïdo ba, ban tuna masuncin Kawu ba, hankalina duk yana kan wani dutse da ke gangarowa. Finafinaina sun kasa yi min wannan tun da abin ya faru. Ashe abin da samarin nan suke saya ke nan a kan bencin, su da babu aiki babu komai. Da na sani da na rage yi masa gori. Ba duka ba, amma da na rage.

Asabar, da safe

Iya ta tambaya yaushe gilashin zai gama hutawa. Na ce ya kusa. Ta shafa zanen ta fita da kularta.

Lahadi, bayan azahar

Na gwada wani sabon faifai da Delu ta aiko, na wani malalaci da ya yi ƙaryar mutuwa don ya ji abin da dangi za su faɗa a kansa. Ana cikin koke-koke ya yi atishawa, kowa ya watse. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jiran kowa ba. Na mayar mata na ce ya ƙi yi a injinmu.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Na wuce dajin, na wuce kogon jemagu. Na koyi inda ake tsintar ƙarin zuciya. Haliru ya ce gobe in Allah ya so.

Ya rame. Har yau bai bari sun haɗu da Iya ba.

Laraba, da azahar

Mun isa.

Gadar katakon ce, ruwan ne, komai yadda yake. Na ajiye manet ina murna kamar wata sakarya, na ce Haliru ka gani? Bai yi murna ba. Ya nuna kusurwar sama.

“Uku ne, Yaya. Nasa ɗaya ne.”

Zuciya uku. Na yi ta tarawa don tsoron komawa farko. Na ce to yaya ake rage su? Ya ce, “Sai kin faɗa ruwan.”

Na tura shi. Ɗan mutumin ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya nutse, aka yi wani ɗan kiɗa na shashanci irin wanda ake sa wa a fim in mutum ya zame a ɓawon ayaba. Ya sake bayyana a bakin gada. Saura biyu. Na sake tura shi.

Ban ga lokacin da Haliru ya sauka daga benci ba. Sai na gan shi zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

“Haka ya ɗaga hannu,” in ji shi. “Haka, Yaya. Muna kan gada aka rufe gaba, aka rufe baya, kowa na ture kowa. Na riƙe shi. Wallahi na riƙe rigarsa. Rigar ce ta zo hannuna.”

Ya faɗi sauran. Ba zan rubuta ba.

Jalal haifaffen Douala ne, garin da ruwa ya kewaye, amma bai iya iyo ba. Iya ba ta taɓa barinsa ya je bakin rafi ba tun yana yaro, tsoro take ji.

Na danna abin tsayarwa. Na cire zanen na ninke. Haliru ya fita ta baya.

Laraba, bayan magariba

Ta dawo da la'asar, kula a hannu. Ta ga babu zane. Ta ajiye kular a bakin ƙofa, ta zauna kan tabarmarta, ta kalli talabijin ɗin. Ina tsaye a bayanta ina jiran ta ce alhamdu lillahi.

Ta ce, “Ya juya.”

Na ce me?

“Nawa gida yake kallo. Wannan ruwa ya fuskanta.”

Na manta. Duk wahalar nan, na manta in juyo da shi. Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar, ta ɗaga min hannu.

“Ranar ruwan nan tun daga bakin titi aka ce min unguwa ta wuni babu wuta. Ni ba yarinya ba ce, Ikilima. Na ga yatsanki. Yanzu kuma na hango Haliru ya fito ta lungunmu, yaron da ba ya wuce ni bai durƙusa ba, ya gan ni ya juya da gudu.” Ta gyara mayafinta. “Ya faɗa miki?”

Na ce eh.

Ba ta tambayi me ya faɗa ba. Ta ja carbi ta daɗe, ni kuma na tsuguna a gefenta, a lokacin ne kukan ya zo min, na yi shi kamar zan shiɗe. Ta bari na gama. Sannan ta nuna manet da haɓa.

“Kin iya abin?”

“Kaɗan, Iya.”

“To ba za a bar shi tsaye a nan ba. Hayar min da shi.”

Ban taɓa hawa gadar ba. Ban san abin da ke kanta ba, kuma rai ɗaya ne. Na goge tafin hannuna a zane, na goge idona, na sake shi. Katakon farko ya riƙe. Na biyu ya fara rawa, ashe zubewa suke yi in ka daɗe a kai. Na yi tsalle. Iya ta fara “Allahumma sallim, sallim,” addu'ar da aka ce ita ake yi wa masu hawa siraɗi, muryarta ko rawa ba ta yi. Wani wuri katako biyu babu, na yi tsalle tun ban shirya ba, ƙafarsa ta sauka a ɗan bakin na gaba. Wani tsuntsu ya kawo sura na tsuguna, wannan karon tsugunawar ce daidai. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ga katako ya ƙare, ciyawa ta fara.

Aka saki kiɗan mai askirim. Wani ɗan akwati ya buɗe da kansa, abu ja ya fito ya tashi sama ya je ya zauna kusa da zuciyar.

Iya ta matso da fuskarta. “Mene ne wancan?”

“An ƙara masa wani rai, Iya. In mutum ya haye ake ba shi.”

Ta gyaɗa kai a hankali. “Ai haka aka yi alkawari.”

Ta miƙe, sai da ta dafa kafaɗata. Ta ce in je in kira Kawu, a sanar da liman da mutanen unguwa, gobe a zauna makoki. Ta ce in biya in gaya wa Haliru ya zo, babu wanda ya riƙe shi da komai.

Na ce, “In kashe?”

“Kar ki ƙara faɗin kalmar nan a kansa. Zare wayar kawai.”

Na zare. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki kular daga bakin ƙofa ta miƙo min.

“In za ki wuce ki ba Delu. Da sauran ɗumi, Ɗanlami zai ci.”